Na Wasa Takalmin Kyaftin Kamar Wuƙar Yanka

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara talatin da huɗu, direba ne ni a Riyad, tun kafin a bar mata su fara tuƙi. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, tana hannun wani kamfani mai filin ƙanƙara a cikin wani katafaren kanti. Ni ɗan maƙera ne, a bakin zugazugi na tashi a Zariya, kuma ina da wani girman kai guda ɗaya: duk abin da aka yi da ƙarfe, gani nake babu mahaluƙin da zai koya mini komai a kansa. Ban rubuto don a tausaya mini ba. Laifin da na yi zan faɗe shi da bakina, wanda ban yi ba kuma har gobe ba zan ɗauka ba.

Kamfanin yana da ƙungiyar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙarti ne ke sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, su riƙa sulɓi a kan daskararren ruwa suna bin wani ɗan faifan roba da sanduna. A waje rana na ƙona mutum, a ciki sai da rigar sanyi. 'Yan wasan rabi Larabawa ne, rabi Turawa da wasu baƙi, ana ɗan biyansu, ni kuma aikina in kai su in dawo da su a bas. Abokan ɗakina a unguwar Nasiriya kullum tsiya suke mini, wai na bar Najeriya na zo ƙasa mai tsarki ina yi wa masu zamewa dako. Ban damu ba, don na fara son wasan, musamman saboda kyaftin ɗinsu, wani Balarabe ɗan Dir'iyya. Shi kaɗai ne ke zama kusa da ni a gaban mota, yana tambayata iyalina, yana kirana ɗan'uwansa. A kakar wasannin nan sun ci wasa huɗu a jere, kowa na cewa bana kofin nasu ne.

Mai washin takalman wani dattijo ne ɗan Filifin, yana da ɗan ɗakinsa da injinsa a bayan fili. Ana tsakiyar kaka matarsa ta kwanta rashin lafiya, ya tafi gida ba shiri. Ana jibi wasa da wata ƙungiya daga Jidda, sai mudir, wato manajan filin, ya tsaya a ɗakin canza kaya a gaban kowa ya tambaya ko akwai wanda ya iya washi, don ba ya son ɗauko wani daga waje. Ni da na shigo ajiye jakunkuna, bakina ya riga hankalina. Na ce ni ɗan maƙera ne, tun ban kai shekara goma ba nake fitar da kaifi. Mudir ya ce yalla, wato maza, ya miƙo mini makullin ɗakin da hannunsa. Kyaftin ya yi dariya ya ce nasa za a fara yi wa.

Da safe na shiga na ɗauki takalmin na juya shi. Sai na ga ƙasan ƙarfen ba kaifi ɗaya ba ne, wani ɗan kwarmi ne ya bi tsakiyarsa tun daga gaba har baya. Na yi tsaki. A raina na ce ashe dattijon nan duk shekarun nan ha'inci yake yi, ko wuƙar yanka albasa ba a bari haka. Injin ma ban kunna shi ba. Na ɗauko magagari da dutse, na zauna na ci gefen nan na ci wancan, har na fitar da kaifi ɗaya tak a tsakiya, mai aske gashin hannu. Takalman mutum biyar na yi wa haka, na mayar musu da murfinsu na roba, na jera. Wallahi ranar da alfahari na ci abincin rana. Ban san cewa kwarmin nan shi ne aikin gaba ɗaya ba, shi ke ba ƙarfen baki biyu, ɗaya na ciki ɗaya na waje, da su mutum ke cizon ƙanƙara idan zai yi kwana ko ya tsaya. Lambar dattijon tana cikin wayata, ban kira shi ba.

Kyaftin yana da wata al'ada. Shi ke fara fita, da gudu, ya zaga bayan raga da kwana mai tsanani, sannan sauran su biyo. Ranar wasan bayan la'asar ina tsaye a bakin ƙofa ya wuce ni, ya dafa kafaɗata, ya cire robar bai ko duba ba. Ya miƙe da gudu lafiya lau. Da ya zo kwanar sai ƙafafun suka tafi suka bar shi, ya bugi katangar filin da ƙarar da har yau nake ji. Ƙafarsa ta dama ta karye a wuri biyu kusa da idon sawu. Kocin ya ciro takalmin, ya kalli ƙarfen, ya kalle ni. Sauran huɗun da takalman haya na 'yan kallo suka buga, aka lallasa su. Daga ranar ƙungiyar ba ta sake miƙewa ba.

Bayan kwana biyu mudir ya kira ni ofis, ya turo mini takarda da Larabci. Na ɗan iya karatu, na bi ta a hankali. An rubuta cewa ni na saci makulli na shiga ɗakin ba da izinin kowa ba. Ya ce in sa hannu, su ba ni huruj, wato takardar fita ta dindindin, in koma gida salin alin. In na ƙi, zai kai maganar inda ba zan ji daɗi ba. Na ce masa takalmi ni na lalata, ya rubuta haka in sa hannu sau goma, amma makulli shi ya ba ni a gaban mutum ashirin, kuma ban zo Saudiyya don a mayar da ni ɓarawo a kan takarda ba. Ya daka mini tsawa, ya tuna mini wanda ke riƙe da iƙamata. Na ce na sani, amma sunana ba ya cikin abin da kamfani ke riƙe da shi. Na fito na bar masa takardarsa. Abokan ɗakina suka ce haukata ta kai, wasu suka ce in sa hannu, wasu suka ce in gudu in ɓace cikin masu sauke kayan gwari a kasuwar Aziziya. Na ce ba inda za ni, mai gudu shi ya amsa laifin da bai yi ba.

Abin da ya fi mini wuya shi ne zuwa asibiti. Na samu kyaftin kwance, an ɗaure ƙafar da ƙarafa. Na tsaya na faɗa masa komai, har tsakin da na yi da wayar da ban buga ba. Ban ambaci takardar mudir ba, don ba roƙo na je yi ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya juya fuskarsa bango, ya ce in tafi. Na tafi, kuma ban ga laifinsa ba. Wata biyu aka hana ni tuƙi, aka sa ni wankin banɗaki da goge benci, ana jira in gaji in sa hannu. Kullum sai na zo da wuri na yi aikin tas, in gaishe da mudir da babbar murya. 'Yan wasan wasu ba sa amsa sallamata, ƙungiyar kuma tana ta shan kashi mako bayan mako, ina kallo daga bayan gilashi da tsintsiya a hannu.

Ranar wasan ƙarshe, wanda suka gama kakar a na biyun ƙarshe, kyaftin ya zo yana dogara sanduna biyu. Ashe labarin takardar ya kai masa. A gaban mai kamfanin ya ce yana nan mudir ya yi tambaya, yana nan aka miƙa mini makulli, kuma shi da kansa ya ce a fara da nasa. Ya ce wanda ya zo har gadonsa ya faɗi gaskiya ba za a kore shi da ƙarya ba. Aka yaga takardar. Sannan ya miƙo mini wata jaka, na buɗe na ga takalman nan. Ya ce likita ya gaya masa ya gama wasa har abada, in rataye su inda zan riƙa ganinsu. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba.

Da dattijon ya dawo na durƙusa na ce ya koya mini daga farko, kamar ban taɓa riƙe ƙarfe ba. Shekara huɗu na yi a ɗakin nan, takalman suna rataye a saman injin.

'Yan'uwana masu fita neman abinci, ku ji ni. In an tambayi wa ya iya, ku tabbata abin da kuka iya shi ake nufi, kuma ku tambayi wanda ya riga ku ko da kuna ganin kun fi shi. In kun yi kuskure ku tsaya ku amsa shi, amma kada tsoron kafili, wato mai riƙe da iƙamarku, ya sa ku sa hannu a kan abin da ba ku aikata ba. Ni na tsira da sunana da iƙamata, kuma ban yi nadamar taurin kan da na yi wa mudir ba ko kaɗan. Wayar da ban buga ba ita ce nadamata, don mutumin da ya kira ni ɗan'uwa har yau da ɗingishi yake zuwa masallaci.