Duna da Maganin Ƙwannafin Baba

Wata Asabar da hantsi, a daminar shekarar da naira ta fito, ina tsugune a bayan gidanmu na ƙauyen Yara ina yi wa awaki yankan harawa, sai na ji Baba ya kwaɗa salati. Ƙwayoyin ƙwannafinsa, farare masu zaƙi kamar alewa da yake sayowa a kemis a Sabon Gari, ya bari a kan tabarma ya shiga kewaye. Kafin ya fito Duna ya lamushe su har da takardar.

Duna karen kakanmu ne, maharbi daga Garaku. Da tsohon ya rasu muka gaje shi, aka ba shi gindin turken awaki, nan iyakarsa. Shi ke korar ɓarayin kaji, shi ke raka ni rafi, amma ni kaɗai ke taɓa shi, ina shan faɗa.

Karen nan fa tsaye yake yana kaɗa wutsiya, lafiyarsa ƙalau. Gwaggo ta ce guba ce, a ɗura masa ruwan gishiri ya amayar. Na ce a kai shi ofishin dabbobi. "Can na shanu ne, uwar iyayi," in ji Baba, "so kike gari ya yi mini dariya?" Gishiri gwangwani guda Gwaggo ta dama. To wa zai kama bakin kare ya ɓata jikinsa ga azahar ta kusa? Sai aka ɗaure shi, aka tokare bakin da tsohuwar muciya, aka riƙa kwarara masa daga tsaye da ludayi mai dogon hannu. Yana shaƙewa, yana kallona. Na yi ihu har Inna ta kulle ni a ɗaki. Kafin la'asar ya fara karkarwa, washegari aka ja shi da igiya zuwa juji.

Ina sakandare na tambayi wani likitan dabbobi. Ya ce idan kare ya ci irin wannan maganin, yawanci abin ba ya wuce gudawa ko ƙullewar ciki: a ajiye wa kare ruwa, a sa masa ido, a kawo shi tare da sunan maganin. Gishirin ne ya kashe shi.

Yau a Keffi har a mota ake kai karnuka asibiti, ina gani. Turken nan kuwa an yi shago a wurin. Da sun ƙyale shi kawai, da ya tsufa a gidanmu.