Malam Badaru da Ofishinsa Marar Kujerar Baƙo

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Badaru Umaru Sara, malamin motsa jiki na kwalejinmu, a asibitin Birnin Kudu bayan gajeriyar jinya. An yi jana'izarsa a Sara bayan la'asar. Ban taɓa ganin ɗalibai sun cika gari haka ba.

Malam, kowa ya san ofishinka da abu guda: babu kujerar baƙo. Mun ɗauka hukumar makaranta ce ta manta da kai, ashe da hannunka ka fitar da ita. Duk ɗalibin da ya shigo maka da damuwa, sai ka ɗauki hularka ka ce, "Zo mu taka."

Ni Munzali na shigo maka a shekarata ta biyu, bayan rasuwar mahaifina. Na faɗi darussa da dama, barci ya ƙaurace mini, in na buɗe littafi baƙaƙe kawai nake gani. Na riga na ɗaure kayana zan koma garinmu Surko in riƙe gona; sallama na zo yi maka. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka ja ni muka ratsa gonakin bayan makaranta, muka hau dutse, ina haki kamar zan shiɗe, kai kuwa da furfurarka ko gezau. A can sama ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, har na yi kukan da na kasa yi ranar da aka binne Baba. Ka bari na gama, sannan ka ce, "Gobe bayan asuba. In ka ga dama ka bar kayan a ɗaure."

Wallahi ban tuna ranar da na kwance su ba. Barci ya dawo, cin abinci ya dawo, karatu ya fara zama. Da ni aka yi bikin yaye ɗalibai, yau kuma a kwalejin nake koyarwa.

Har gobe ina mamakinka a makon jarrabawa. Lokacin da kowa ke cewa a ajiye ƙwallo, a lokacin kake fito da mu fili, 'yan mata kuma uwargidanka Malama Sa'adiyya ta zagaya da su da hijabansu. Wasu malamai sun yi ƙorafi, ka ce, "Yaron da ya wuni zaune cikin fargaba, me zai shiga kansa?" Da sakamako ya fito, ƙorafin ya tsaya.

Washegarin jana'izarka, bayan asuba, na leƙa filin don kewa kawai. Na same shi cike, ba wanda ya busa usur, kowa na tsaye. Suka zuba mini ido. Na ce, "Ku zo mu taka." Da muka dawo, na fitar da kujerar baƙon da ke ofishina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Sa'adiyya da 'ya'yansu, da mutanen Sara da Gwaram baki ɗaya. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi. Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Kai da ka hana mu zama cikin baƙin ciki, Allah ya zaunar da kai a Aljannar Firdausi, ka huta.