Yadda muryata ta shiga cikin waƙoƙin direbobi

Ni dai aji uku na sakandare na tsaya, don ni da lissafi mun raba gari tun da wuri. Amma baki, Allah ya ba ni. Shi ya sa da ɗan kawuna ya dawo Ƙaura da karatun kwamfuta, ya haɗa wa direbobin tasha manhajar bin layin lodi, sai ya ce ni zan yi mata sashen taimako, wurin da mutum zai danna in ya rikice.

"In ka yi shi da kyau, kai za ka riƙa zuwa Shinkafi da Zurmi kana sa wa mutane. In ka ɓata, ka koma bencinka na mai shayi."

Bencin nan har ya san zanen wandona. Na ce, "Yaya, an gama."

Direbobinmu ba kowa ke karatun boko ba, don haka kowane shafi na yi mashi hoto da murya. Na shige ɗakin ajiyar dawa na kulle, na riƙa ɗaukar kaina: "Baba, koren za ka danna, ba jan ba. Na ce koren." Yaya ya ce in jera hotunan da muryoyin cikin jerin kayan da ake ƙunshewa cikin manhajar. Na duba jerin, sai ka rubuta sunan kowane ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa ke da wannan lokaci? Na zuba su cikin folda guda, na riƙa tura ta waya zuwa waya, kamar yadda muke tura fim.

Ashe waya ba ta san aiki ba. Duk murya wurinta waƙa ce.

Ran kasuwar Shinkafi na shiga motar wani dattijon direba, fasinja maƙil. Ya jona waya da sifika, kiɗa na tashi, waƙa ta ƙare, sai ga ni raɗau: "Baba, ka natsu. Ba ka iya ba, shi ya sa kake nan."

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Direba, wa ke yi maka faɗa?"

"Wani ɗan banza ne, Inna. Ga shi nan kusa da ke."

Anka fashe da dariya, har da ni, har hawaye. Kafin mu isa na sake fitowa sau uku, kowane karo yaran mota na amsawa, "Koren, Baba, koren."

Daɗin bai daɗe ba. Direbobi sunka bi wayoyinsu sunka goge ni kaf, har da hotunan, don sun cika masu wurin hotunan iyali. Sashen taimako ya koma fanko. Shugaban tasha ya aiko cewa ran Asabar zai gwada da hannunshi, in abin bai yi magana ba a kwashe shi.

Yaya bai zage ni ba. Kujera ya jawo mani ya buɗe jerin nan. Na zauna ina rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye kaina yana cin gyaɗa. Duk wanda na tsallake, in an haɗa sai shafin ya fito bebe, ya ce, "Malam mai baki, wanga fa?" Wurin da na ce ba ka iya ba kuwa, ya sa na sake ɗauka da ladabi.

Ran Asabar munka sa wa shugaba sabuwar manhajar, ya sa tabarau, ya fara kunna waƙoƙinshi, ya wuce su ɗaya ɗaya yana hararata. Ban fito ba. Sannan ya danna taimako, na yi sallama kamar ɗan kirki.

"To, yanzu ka san wurin zamanka," in ji shi. Ya leƙa waje ya kira direban Zurmi. "Gobe ka ajiye wa yaron ga gidan gaba. Kuma kar ka bari ya taɓa sifika."