Muryar da Na Bari Aka Goge

Kafin in zama abin da na zama, ni ma'aikaci ne a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, cikin masu tsayawa gaban inji suna tsamo bokitai da zafinsu. A unguwar aka haife ni. Mahaifina yakan nuna mini katangar kamfanin ya ce nan ce iyakar gonar kakana, ni kuma in ce to ai har yanzu a gonarmu nake aiki. Na gama sakandare. Turancina ba na a zo a gani ba ne, amma ina karanta saƙo in gane. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'yan'uwa da ba su yi wa kowa laifi ba. Ku dai matasa ku saurara, musamman ku da ake miƙo wa waya a ce, "Duba mini."

Da aka rage ma'aikata aka haɗa da ni, sai na sayi tebur da lema da tsohuwar kwamfuta, na kafa a bakin ƙofar wani kamfanin fata a Challawa. Ina cajin waya, ina tura wa mutane waƙoƙi da karatu da wa'azi a memori. Da farko warin fata ya hana ni cin abinci, amma kafin wata guda har ɗanwake nake ci a wurin ina neman ƙari. Leburori suka laƙaba mini Injiniya, alhali ko ƙwan lantarki sai na yi bismilla sau uku nake canzawa.

Ana nan sai kasuwar turin waƙoƙi ta fara mutuwa. Wata manhaja ta shigo, wadda mutum zai saurari waƙa kai tsaye, kuma ya ɗora nasa sautin su ajiye masa a can wurinsu, ko wayarsa ta faɗa ruwa abinsa na nan. Yawancin mutanena daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Nijar suka zo. Suna karanta Alƙur'ani sarai, amma Turanci sai kallo. Ni nake buɗe musu akawun, ni nake zaɓa musu lambar sirri, ni nake riƙe ta. Wanda layinsa ke da matsala sai in yi masa da wani layina na ajiya. Masu manhajar nan kuwa ba sa gajiya da aiko sanarwa: yau sun canza launi, gobe sun ƙara maɓalli, jibi sun gyara kaza. Duk saƙon da ya shigo wurina ake kawo shi. An ba kura ajiyar nama ke nan, sai dai a lokacin ita kanta kurar ba ta san halinta ba.

Cikin masu zuwa akwai Malam Hamisu, dattijo mutumin wajen Matamai, wanda ya daɗe yana aikin jima har hannayensa suka rine. Wata rana da aka tashi masu aikin safe ya zo da wani kaset a naɗe cikin leda. Ya ce muryar mahaifiyarsa ce, Allah ya jiƙanta, wani ɗan'uwansu ya ɗauke ta da rikoda tana waƙar niƙa. A ciki tana ambaton iyayenta da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa. 'Ya'yansa a Kano aka haife su, ba wanda ya taɓa ganinta, wannan kaset shi ne duk abin da suka sani na kakarsu. Zaren ya fara tsufa, yana tsoron ranar da zai tsinke.

Na juye sautin a kwamfuta, na buɗe masa akawun da layina na ajiya, na ɗora. Da muryar ta fito daga wayarsa sai ya juyar da kai gefe.

"Injiniya, yanzu ba za ta ɓata ba?"

Na ce, "Malam, ko Challawa ta ƙone ƙurmus, tana nan. Ku kwantar da hankalinku."

Da damina ruwa ya shiga ɗakinsa ya lalata kaset ɗin. Da kansa ya ba ni labari yana dariya, ya ce Allah ya so an riga an ajiye. Ni kuma tuni na goge na kwamfutata don in samu wurin zuba finafinai. Wato a duniya ba inda muryar ta rage sai a akawun ɗin nan.

Ƙaryata ta farko ƙarama ce. Wani ya kawo saƙo, na karanta na ga cewa suke sun ƙara wurin jera waƙoƙin da mutum ya fi so. Ranar ban yi ciniki ba. Na ce masa, "Cewa suka yi sai an sabunta, kuma akwai ɗan abin da ake bayarwa." Ya sa hannu a aljihu ya ba ni, har da godiya. Godiyar ce ta cuce ni, domin ranar na gane cewa abin da na ce saƙo ya faɗa, shi ya faɗa. Daga nan duk sanarwar da ta shigo sai ta zama ta biya. In sun jinkirta aikowa har haushinsu nake ji.

Da haushin ya yi yawa sai na daina jiransu. Na fara rubuta saƙon da kaina, in kwaikwayi irin maganarsu, in tura wa leburori ta layin nan nawa na ajiya. Su kawo mini da gudu, in karɓi waya in ce afdet ne, wato sabuntawa, za a turo wasu lambobi. Lambobin kuwa na bankinsu ne, da su nake kwashe musu kuɗi. Ƙarshen wata, lokacin da albashi ya shiga, shi ne lokacin girbina. Ban tsaya a Challawa ba, har Sharaɗa da Bompai nake hawa adaidaita in je in yi wa mutane afdet. Na ɗinka shadda, na canza waya, na daina cin ɗanwake. Mahaifiyata ta ce, "Wai caji ne yake kawo wannan?" Na ce mata harkar ta bunƙasa ne.

Da ƙorafi ya yi yawa, wani direban tirela ya fara tambayar wane ne mai lambar da ke turo saƙonnin. Tsoro ya kama ni. Na cire layin na karya shi biyu, na jefa a kwatar da ruwan fata ke bi. Ban ko tuna akawun ɗin mutane nawa ne a kansa ba.

Ba a yi sati biyu ba sai ga Malam Hamisu da wayarsa, wadda shi yake kira salula.

"Wani rubutu ya tsaya a kan salular, ya ƙi gushewa. Duba mini, ɗana."

Na duba. Wannan ba nawa ba ne, na masu manhajar ne na gaskiya. Sun ce sun canza tsarin ajiya. Duk mai akawun na kyauta sai ya tabbatar da kansa da lambobin da za su tura wa layin da ya yi rajista, kafin wata uku. Wanda bai yi ba za a goge abin da ya ajiye. Na karanta sau biyu, na gane shi tsaf. Layin yana cikin kwata. In ina so a dawo da shi sai na je ofis da katin shaidata, in ɗaura sunana a lambar da ake nema ruwa a jallo. Akwai kuma hanya mai sauƙi, in sauke sautin a memori in ba shi, amma manhajar ta kulle komai sai an tabbatar. Ya tsaya yana kallona, hannunsa ɗaya a kan teburina.

Na ce, "Talla ce kawai, Malam. Ku ƙyale ta."

Ya ce, "To, madalla," ya koma aiki.

Saƙonnin ƙarya sun fi a ƙirga, duk na ce gaskiya ne. Guda ɗaya na gaskiya ya zo, na ce talla ce. Na san abin da nake yi, kada wani ya ce sheɗan ne. Na auna muryar tsohuwar da fatar jikina, na zaɓi fatata.

Ban ma tsira ba. Wani lebura ya nuna wa wata mai kula da sito, Malama Rabi, tsohon saƙona. Ta ce wannan Turancin na ɗan sakandare ne, ba kamfanin da zai rubuta haka. Aka tara wayoyi aka gwada, kowa ya tuna wanda ya riƙe masa waya kafin kuɗinsa su ɓace. Da azahar aka zo aka ɗauke ni a gaban teburina, mutanen da suke ce mini Injiniya suna tsaye. Aka kai ni hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai, daga nan kotu. Ban yi musu ba, domin ba abin musun. Alƙali ya ba ni shekara biyu da rabi.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai kuɗin cizo, akwai gabza, tuwon 'yan fursuna, akwai kunyar ganin mahaifiyarka ta sha layi don ta miƙo maka ƙuli-ƙuli. Amma abin da ya fi damuna shi ne na san ranar da wata ukun nan za su cika. Ranar ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, na san ana goge muryar tsohuwar, ba kuma abin da zan iya. A nan na tuba, na yi wa Allah alkawarin in na fita zan bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, kuma da Malam Hamisu zan fara.

Da aka sake ni na tarar ya bar aikin jima, ƙirji ya matsa masa, ya koma gadin wani sito a Dakata. Na same shi da hantsi a kan benci, tireloli na ta wucewa. Na tsuguna na gaishe shi. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ka fito." Ya shiga ɗakin gadi ya ɗauko wani ƙulli, ya kwance. Tsohuwar wayar nan ce.

"Tun wajen lokacin da aka kama ka ta daina fito da Inna. Yara sun ce in kai wa masu gyara, na ce ba mai taɓa ta. Na san ka ci kuɗin mutane, wannan tsakaninka da Allah. Amma kai ka ajiye ta, kai za ka fito da ita."

Shekara biyu da rabi yana jirana. Wallahi ƙarya ta zo har bakina, in ce kamfanin ne ya rufe, ko wayar ce ta mutu. Da ya yarda, domin bai taɓa ƙin yarda da ni ba. Na haɗiye ta, na faɗa masa komai: layin, da kwatar, da abin da saƙon ya ce, da abin da na ce masa ya ce.

"Ka karanta ka gane?"

"Na gane, Malam."

"Ba ta nan ke nan."

"Ba ta nan."

Ya mayar da wayar cikin tsumma yana ƙullewa a hankali. Can sai ya ce ba komai, ai ya ji waƙar ya fi sau dubu, tana kansa. Ya gyara murya ya fara. Ya ambaci kakansa, ya ambaci yayansa, ya zo kan kirarin da ta yi masa shi kansa, sai ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a daidai wurin. Ya gwada na uku. Sai ya ce, "Da na san za ta tafi, da na riƙe." Alƙali bai yi mini hukuncin da ya kai wannan ba. Na yi kuka a gabansa kamar ba namiji ba, shi ne ma ya ce in tashi mutane na kallo.

Ya ce ya yafe nasa, amma na 'ya'yansa ba shi da ikon yafewa. Na je na same su. Babbar ta yafe, na biyun har yau ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu dako nake yi a wani sito a Bompai. Duk Lahadi nakan je Dakata wurin Malam Hamisu da waya, duk baitin da ya faɗo masa in ɗauka. Na tara kuɗi na je har garinsu, na samu wata ƙanwar marigayiyar, tsohuwa tukuf, ta ba ni abin da ta tuna. Mun haɗa kusan rabi. Na sa a memori uku, na rubuta a takarda, na damƙa wa 'yarsa da hannunta, lambar sirrin ma ita ta zaɓa ban gani ba. An ce akwai wata da suka yi niƙa tare a wani ƙauye gaba da nasu, bayan girbi zan je. Ba zan daina ba sai mun samo kirarinsa ko ɗayanmu ya mutu. Muryar kuwa na sani ba za ta dawo ba.

Ku da ba ku iya karatun saƙo ba, kada ku bar wa kowa lambar sirrinku, kada a buɗe muku komai da layin wani, kuma abin da kuke ƙauna kada ku ajiye shi wuri ɗaya. Saƙo in ya zo, ku nuna wa mutum biyu. Kai kuma ɗan'uwana da ka iya, da kai nake. Gobe wani dattijo zai miƙo maka waya ya ce ka duba masa, ba ya da hanyar sanin ko ka faɗi daidai. Ka karanta masa abin da ke rubuce, ko da zai kai ka inda ya kai ni. Ni na yi zaman gidan yari na fito, amma Malam Hamisu har yau yana tsayawa a baiti na uku, inda kirarinsa yake.