Ranar da Baba Wanzam ya ajiye askarsa

Bana shekara biyu ke nan da rasuwar kakana, wanda duk ƙauyenmu na wajen Kunci ake kira Baba Wanzam. Zan fara da tona wa kaina asiri. Lokacin da ciwon maƙogwaro ya shigo mana, ni ne na kwanta a ƙofar ɗakinsa ina birgima, ina rantsuwa belina ya sauko har cibiya, in bai cire ba yau sai gawata.

Ya danne mini harshe da cokali, ya leƙa. Ya ce, "Kai ja'iri, naka tun ranar sunanka na cire. Me zan yanka, wuyan?"

A wajenmu, in yaro ya kasa haɗiye, beli ake zargi. Ran nan iyaye sun cika zaure da yara, har tsohuwar akuyarmu ta rasa wurin kwanciya. Baba bai buɗe zabirarsa ba. Ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Da masu beli da waɗanda ya cire wa da hannunsa, duk ciwo iri ɗaya, duk da farin abu a maƙogwaro. Kuma dukanmu tabarma ɗaya muke zama a makarantar yamma, moɗa ɗaya muke shan ruwa.

Ya ce, "Abin da babu shi ba ya sa ciwo. Wannan daga yaro yake zuwa yaro. Ku raba su, ku nemi mota."

Malam Audu, maƙwabcinmu, ya miƙe da ɗansa Sagiru a kafaɗa. "Baba, in tsufa ne ya sa hannu rawa, a faɗa mana." Ya tafi wajen wani wanzamin a ƙauyen gaba.

Yanzu da an ji sabon ciwo, kafin azahar wayar Innata ta kawo mata dalili goma da magani ashirin, har da na shafa wa ƙofa. Nakan ce, da Baba na nan, da ya sa a kashe wayar, ya tambaya wa ya kamu, wa bai kamu ba, me ya haɗa su. Zabirar tana rataye, ba wanda ya gada. Tambayoyin ne suka rage, su ma ba kowa ke yi ba.

A wancan lokacin, da aka kai mu asibitin Kano, aka ce mashaƙo ne. Na yi kwana tara na dawo gida. Sagiru ya rasu ranar da aka sallame ni.