Kwabban Sarki Joji a Rufin Ummaru

Duk wanda ya san Jandutsi tun kafin a yanke Kebbi daga Sakkwato ya san Ummaru kafinta, mai bakin tsiya da hannun albarka. Rabin kwanon garin shi ya buga. Kuma ba ya buga ƙusa tsirara, sai ya zura ta cikin kwabo mai huji, jan nan na zamanin Turawa da aka daina karɓa, don ya danne kwano kada iska ta fizge.

"Sarki Joji na Ingila," yakan ce daga saman tsani, "ko huskarshi bai aza bisa kuɗinshi ba, sai hula da suna. To ga shi yana yi min gadin kwano, rani da damina, ba ko albashi!"

Ɗakinsa ya fi kowanne shan kwabbai, don kwanon ya tsufa, tsatsa ta faɗaɗa hujin ƙusoshin. Kwabban nan kaɗai ke riƙe da shi.

Sai ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi. Baki ya karkace, kalma ɗaya ma sai ya yi gumi. Wayyo, mutumin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa! Matarsa Kyauta ce ke juya shi, ita ke ba shi fura a baki.

Ana cikin haka, gab da faɗuwar damina, jita-jita ta cika kasuwar Jega, wai wasu baƙi na sayen kwabon Joji da tsadar hauka. Ɗansa Sanusi, wanda albasarsa ta ruɓe a shekarar, ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ba mugunta ba ce, kuɗin maganin tsohon yake nema. Ya hau rufi da guduma, yana zare ƙusa, ya cire kwabo, ya mayar da ita tsirara.

Ummaru na kwance yana jin kowane bugu. Ya tattara ƙarfinsa duka, ya ce, "Ruwa."

Kyauta ta kawo moɗa. Ya kawar da kai, ya kafe rufi da ido. "Ruwa!"

Ta sake kawowa, mai sanyi daga randa. Ya ture da hannun da ya rage masa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

"Haba Malam, mi niy yi maka?" in ji ta, ranta a ɓace. "Kai kac ce ruwa."

Ran kasuwa Sanusi ya ɗaure kwabban a tsumma, ya hau mashin sai Jega. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Kyauta na kwashe shanya ta ji ƙara, ta ɗaga kai, sai ga fallen kwano ya tashi kamar faifai, na biyu ya bi shi. A nan ta gane ruwan sama Ummaru ke nufi, ta saki salati, ta ruga ɗaki.

Ta kama shi ta hammata, ta ja, ta ja, ko motsi bai yi ba. Ta kwarma ihu, iska ta haɗiye, kowa na ta kansa. Sai ta durƙusa ta kife a kansa, ta sa bayanta ga sama, tana faɗin, "Na ji, Malam, yanzu na ji."