Jirgin da Baba ya kashe da kulawa

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin firamare a Kende, mahaifina ya daina zuwa kogi. Masunci ne, shekara arba'in yana kan ruwa da kwalekwalen katako, sai da ya fara furfura sannan ya sayi jirgin faiba mai inji, irin na zamani mai jiki kamar roba mai tauri. Yadda yake ji da jirgin nan har mahaifiyata takan ce shi yake fara gaidawa da safe kafin ya tambaye ta yadda ta kwana.

Wata rana yana tsakiyar kogin Kwara, bayan jirgin inda ake rataya inji ya ɓalle. Allah ya sa injin na ɗaure da igiya, bai tafi ƙasa ba. Da filafili Baba ya dawo gida, ya sa aka ja jirgin zuwa gindin tsamiyar bayan gidanmu, bai ce wa kowa uffan ba. Tun daga ranar sai tabarma a zaure. Wata biyar yana nan zaune yana ramewa, in an sa kifin kasuwa a miya ya ture kwanon. Kaji suka mayar da jirgin wurin ƙwai.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da wani makiyayi ya zo neman jirgin don ya riƙa zuba wa shanu ruwa. Baba ko kallonsa bai yi ba, ya ce ya ɗauka. A nan na gane in jirgin nan ya fita daga gidanmu, Baba ba zai sake tashi ba. Na ba makiyayin haƙuri, na ce ni zan gyara.

Ni fa, wanda ko ƙusa ban iya bugawa ba. Ɗan masunci ne ni a baki kawai, in ruwa ya wuce ƙuguna salati nake farawa. Amma na sayo katako da ƙusoshi da kwalta, na yi masa irin gyaran da na ga ana yi wa kwalekwale. Ƙusa ta farko ta tsaga faibar, ta biyu ta samu babban yatsana. Mahaifiyata na tsaye da tsintsiya tana kallo.

"Malam, ka koma ga allinka," in ji ta. "Kaji ma sun hi ka kula da wanga jirgi."

Wani abokina ne ya gaya mini akwai wani dattijo a tsallaken iyaka, ɓangaren Benin, wanda gyaran jiragen faiba ne sana'arsa. Na je na ɗauko shi a babur da buhun kayan aikinsa. Ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasawa, sannan ya yanke fatar faibar ta baya. Sai ranar na san ashe akwai katako a ɓoye a ciki, shi ke riƙe nauyin inji. Ya yi baƙi ƙirin, ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa, da hannu yake kwasowa.

Ya dube ni ya ce, "Wa ka nutsad da shi?"

Na ce Baba ne, kowace shekara. Haka ake yi a wurinmu. In zafi ya tsananta aka ajiye kwalekwale, sai a cika shi da ruwa a nutsar a bakin gaɓa, don kada rana ta busar da katakon ya tsattsage. Baba bai taɓa fashi ba, har duwatsu yake ɗora wa jirginsa don ya zauna da kyau.

Dattijon ya girgiza kai. Ya ce faiba ba ta son haka. Ruwa yana shiga ta ramukan kusoshin inji, ya samu katakon, kuma ba shi da hanyar fita. Shekara da shekaru yana ruɓewa a ciki, waje kuwa lafiya lau.

Na roƙe shi kada ya faɗa wa Baba. Mutumin da ƙauye guda ke zuwa koyon kamun kifi a wurinsa, a ce shi ya kashe jirginsa da hannunsa? Ga shi dama a karye yake.

"To, ba ni hwaɗi," in ji dattijon. "Amma baɗi zai sake nutsad da shi. Ka aje man wurin kwana."

Kwana biyu muna aiki ina juya maganar a raina. Dattijon ya sa ni kankare ruɓaɓɓen katako da goge faiba, ƙurarta ta sa ni susa har a gaban ɗalibaina. Da aka zo zaɓen sabon katako, ya leƙa zaure ya ce wa Baba shi faiba ya sani, itace sai masu shi. Baba ya fito da ƙyar, ya ƙwanƙwasa guda uku, ya shinshina, ya zaɓi maɗaci. Sannan ya tsaya yana kallon tarin ruɓaɓɓen da muka zubar.

"Mi ya yi mai haka?"

Dattijon ya sunkuyar da kai kan gam ɗinsa, ya bar ni da uban nawa. Na fara kame-kame, na ce wataƙila tsufa, wataƙila rana. Baba ya ce in yi magana irin ta malamai. Sai na faɗa masa duka, ina kallon ƙasa.

Baba ya matso kusa da ni.

"Ke nan ba wani abu na buga ba?"

Na ce a'a, ko a tudu yake da sai ya ɓalle.

Sai Baba ya fashe da dariya, har ya dafa tsamiya. Ashe duk watannin nan yana zaton kututture ya buga a ruwa bai gani ba. Ya ɗauka idonsa ne ya tafi, kuma masuncin da ba ya ganin abin da ke gabansa ba shi da hurumin ɗaukar kowa a jirgi. Kunya ta hana shi faɗa ko ga mahaifiyata.

"Ashe wauta ce kawai!" in ji shi, yana share hawaye. "Alhamdu lillahi. Miƙo man zarton ga."

Shi ya yanka katakon da kansa. Bayan sati biyu muka sa jirgin a ruwa, na zauna a tsakiya na riƙe gefe da hannu biyu, shi kuwa yana nuna mini tsuntsaye a tsallake yana ƙirga su don in shaida.

Shekara shida ya ƙara yana su kafin Allah ya karɓi abinsa. Har yau in na tuna gabana yakan faɗi, don saura kaɗan in ɓoye masa maganar da ta tashe shi. Ina son mahaifina ƙwarai, kuma da ya bar ni na tausaya masa yadda na yi niyya, da bai sake ganin kogi ba.